Katin Rigakafin 'Yar Gabon

Duk wanda ya zauna a unguwar Sotega a shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa, in dai ya ratsa ta gidan hayar nan mai ɗaki goma sha ɗaya da ke gangaren famfo, ya san Rakiatou mai karanta takarda. Ba malama ba ce, ba ta taɓa aikin ofis ba. Ƙosai da kunu take sayarwa a ƙofar gida da safe, mijinta Mahamadou kuwa taksi yake ja a titin bakin teku, daga unguwar Glass zuwa hanyar filin jirgi, ya dawo, ya koma, har bayansa ya riƙe. Abu ɗaya ta fi sauran matan gidan da shi: a Tasawa, kafin aure ya kawo ta Libreville, ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida. Tana karanta Faransanci, har da rubutun hannun malamai mai kama da tonon kaji.

Shugabar makarantar gwamnati ta unguwar, Madam Mengue, mace ce da Allah ya ɗora wa son takarda. Ba a yin mako guda ba ta aiko wa iyaye da sanarwa ba. Yau a yanke wa yara farce, gobe a duba kawunansu saboda ƙwarƙwata, jibi a tafasa ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro, a zo taron iyaye, ko kuma malamai sun tafi yajin aiki kowa ya riƙe ɗansa. A ƙasan kowace takarda akwai layi inda uba ko uwa za su sa hannu. Yara su naɗe ta cikin littafi, ruwan sama ya jiƙa ta a hanya, a kawo wa Rakiatou ta shanya a kan murfin tukunya, sannan ta karanta wa mata a bakin famfo. Sa hannun ma ita ke yi wa kowa, tana canja rubutu: na wannan ta karkata shi, na waccan ta yi masa wutsiya. Shekara da shekaru Madam Mengue tana karɓar sa hannun iyaye goma sha ɗaya daga hannu guda mai warin man gyaɗa.

Rakiatou ta gaji da aikin tun ba yau ba, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce da ta san ƙarshen bokonta ke nan, da ta zauna gida ta koyi saƙa. Gajiyar ta ƙaru bayan da aka wayi gari a farkon shekarar casa'in da huɗu aka ce kuɗin da ke hannun mutane ya zama rabi. Sabulu ya ninka, shinkafa ta ninka, magani kuwa sai dai a leƙa shi ta gilashin kanti. Amma takardun Madam ba su ji labari ba. Suna nan suna cewa a ba yaro ƙwai da madara kafin ya fito, a saya masa takalmi rufaffe saboda tsutsar ƙasa. Ranar da Rakiatou ta karanta na ƙwai, wata mata ta tambaya ko Madam ta haɗo da kazar. Daga nan Rakiatou ta fara tsallake abin da ta san ba mai iya yi, ta karanta musu na farce da na tafasa ruwa, ta ninke takardar.

Akwai kuma abu ɗaya da take tsallakewa tun kafin nan, kuma duk gidan sun san dalili. Suna ne.

'Yarta ta fari a nan Libreville ta haife ta, shekara guda da zuwanta. Ranar suna aka raɗa mata Rachida. To a gidan su Rakiatou, kamar gidajen Hausawa da yawa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta. Sai ta riƙa ce mata 'Yar Gabon. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, amma ba ta taɓa fashin ranar awo ba. Duk allurar da likita ya ce a yi, an yi, an buga hatimi a katin rigakafi, layi bayan layi har ya cika. Duk da haka, tana shekara huɗu zazzaɓi ya kama ta ranar Talata, ranar Juma'a aka kai ta makwancinta. Ko a lokacin da take jijjiga ta tana roƙonta ta buɗe ido, 'Yar Gabon take cewa. Allah ya ba ta wasu 'ya'ya biyu daga baya. Katin nan da takardar haihuwa ta sa su a leda, ta tura ƙasan akwati.

Shekara uku bayan haka aka kama ɗakin da ke kusa da nata. Hamadou ne, mai tallar agogo, ya ɗauko matarsa Ƙulu da 'yarsu Zuwaira daga wani ƙauye a bayan Gazawa, suka shigo ta hanyar da talaka ke shigowa, ba takarda ko ta naɗe goro. Zuwaira shekararta bakwai, siririya, mai manyan idanu. Kullum da safe takan zauna a dokin ƙofa kusa da kaskon ƙosai tana kallon yara suna wucewa da jakunkuna. Makaranta kuwa ba ta ɗaukar yaro sai da takardar haihuwa da katin rigakafi, ita kuma an haife ta inda ba wanda ya rubuta komai.

Aron takarda ba baƙon abu ba ne a tsakanin baƙi. An sha ganin katin zama ɗaya, wanda ake kira sejur, yana yi wa maza uku aiki in fuskokinsu sun ɗan yi kama. Amma Ƙulu ba ta roƙa ba, ba ta ma san da ledar ba. Rakiatou ce da kanta ta gaji da ganin idanun nan a kan kaskonta, ta lissafa ta ga sa'ar 'yarta ce, ta buɗe akwati. Bayan kwana biyu Mahamadou ya sa rigar Juma'a ya kama hannun yarinyar ya kai ta a matsayin uba. Aka rubuta ta a rajista da sunan Rachida, aka kwafi katin aka ajiye a ofis.

Abin da Rakiatou ba ta yi tunaninsa ba shi ne sunan zai dawo gida da ƙafarsa. Tun daga makon farko, ƙarfe bakwai na safe, ƙawayen Zuwaira 'yan unguwa sukan tsaya a ƙofar gida su ƙwala kira: Rachida, Rachida, fito mu tafi. Ranar farko matsami ya suɓuce daga hannun Rakiatou ya faɗa cikin mai. Daga baya ta saba, ko kuma ta ce ta saba. Gaskiyar magana, wadda ba ta gaya wa kowa ba, ita ce ta koma jiran kiran nan. Yana yi mata ciwo, kuma in ranar Lahadi ce ba a yi shi ba sai ta ji gidan ya yi mata faɗi. In sunan ya fito a takardar makaranta kuwa, sai ta ce "ta wajen Ƙulu", ta wuce.

Haka aka tafi har farkon casa'in da biyar, lokacin da hukuma ta ba baƙi marasa takarda wa'adi: ko su gyara zamansu, ko su bar ƙasar. Gyaran ya fi ƙarfin mai tallar agogo. Jandarmomi suka cika mararraba, ana tsayar da taksi ana sauke mutane. Mahamadou da Rakiatou suna da sejur, amma ko mai shi sai ya riƙa shafa aljihu yana tafiya. An kama Hamadou a Glass da faifan agogonsa a hannu, bayan mako guda saƙo ya zo cewa an sa shi a jirgin ruwa. Ɗaki huɗu a gidan suka zama kango. Ƙulu ta daina fita ko nan da bakin titi, in mota ta tsaya a waje sai ta shige bayan labule. Zuwaira kaɗai ke fita hankali kwance, don a takarda ita 'yar Mahamadou ce, haifaffiyar Libreville.

Ana cikin wannan, ranar wata Litinin, sanarwa ta zo. Ƙyanda ta shiga makaranta, yara biyu suna kwance a asibiti. Ranar Alhamis ma'aikatan lafiya za su zo yin rigakafi, amma allurar kaɗan ce, don haka an duba katunan da ke ofis, kuma sai waɗanda katinsu ya nuna ba a taɓa yi musu ba za a yi wa. Ga sunayensu nan a ƙasa, arba'in da 'yan kai.

Rakiatou ta karanta sunayen a bakin famfo, ta sake bin su da yatsa ita kaɗai. Ƙulu, da ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ta tambaya ko akwai tata. Da aka ce babu, ta yi hamdala, don a kwanakin nan duk sunan da ya hau takarda masifa ce. Rakiatou ta bari sai da mata suka watse. Ta shiga ɗakin Ƙulu ta tambaye ta ko Zuwaira ta taɓa yin ƙyanda. Ba ta taɓa ba. Ko an taɓa yi mata allura? Ƙulu ta ce allurar mi, a garinsu da ko mai awo ba ya zuwa.

Wato katin da ya buɗe wa yarinyar ƙofar makaranta shi ne yanzu ya tsaya tsakaninta da allura. Hatiman nan duka na gaskiya ne, Rakiatou ce ta yi layi a rana aka buga su, sai dai jikin da aka yi wa allurar yana ƙarƙashin ƙasa shekara shida. Ita kuwa ta san ƙyanda. Ta gan ta a Tasawa tana yarinya, shekarar da ta shiga unguwarsu ta fita da yara bakwai, ta bar ƙanwar ƙawarta ba ido. Kuma Zuwaira a aji mai yara casa'in take zama, huɗu a benci.

Ranar Talata ta rufe kasko da wuri ta tafi ƙaramin asibitin unguwa. Ta yi layi har azahar, aka ce mata babu allurar, abin da ya rage an ware wa makarantu. Ta dawo ƙafafunta sun kumbura. Hanya ɗaya ta rage, kuma kowa ya san ta: a je a gaya wa Madam Mengue cewa katin na aro ne.

Ƙulu ta ƙi. Ta ce an ɗauke mata miji, yanzu kuma a je a kai sunan 'yarta ofis da hannu? Wa ya san wanda Madam za ta kira in ta ji? Cuta ta Allah ce, mai yiwuwa ta zo, mai yiwuwa ta wuce, amma jandarma tabbas ne.

"Yaya, ki rufa mana asiri kamar yadda kika fara," in ji ta. "Takardar nan ita kaɗai ta rage mana."

Mahamadou ma bai goyi bayanta ba. Ya dawo da la'asar ya zauna yana murza gwiwa, ya tuna mata cewa shi ne ya tsaya a ofis ya ce 'yarsa ce. In magana ta tashi, sejur ɗinsa ne a gaba, da taksin, da 'ya'yansu biyu. Bai yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ya ce ta bar takarda ta kwanta inda take.

Rakiatou ta ji su duka, kuma ta san ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ita ma tsoro take ji, tsoro sosai. Amma ta riga ta taɓa riƙe yarinya mai zafin jiki kwana uku tana kallo, kuma a wancan karon ba abin da ta rage bai yi ba. A wannan karon akwai abin yi, tafiyar minti goma ce daga ƙofar gida. Ranar Laraba da hantsi ta wanke hannu, ta ɗaura zanen fita, ta soka sejur ɗinta a lalita, ba ta sallami kowa ba.

Ofishin Madam Mengue ɗan ƙaramin ɗaki ne, rufin yana yoyo cikin bokiti. Matar da Rakiatou ta yi shekaru tana karanta umarninta tana zaton wata ƙatuwa ce mai tsawa, ashe 'yar dattijuwa ce mai tabarau ɗaure da zare, ga rajista tuli a gabanta tana soke sunayen yaran da iyayensu suka bar ƙasar. Ba ta ɗago kai ba ta tambayi abin da ke tafe da ita. Rakiatou ta tattaro Faransancinta na Tasawa ta ce akwai yarinya a aji uku da ba ta cikin jerin masu allura, alhali ba a taɓa yi mata ba.

Madam ta tambayi sunan yarinyar.

Rakiatou ta ce ta gidansu ce, siririya, mai manyan idanu, tana zama a benci na biyu. Madam ta ajiye biro ta ce tana da yara fiye da dubu, rabinsu sirara ne, kuma ba ta da lokacin wasa. Suna take so.

Wallahi da a ce sejur aka ce ta ajiye a kan tebur ta tafi, da ya fi mata sauƙi. Shekara goma sunan nan yana bakinta bai taɓa fita ba, ba ranar suna ba, ba ranar rasuwa ba. Ta duba bokitin da ruwa ke ɗiga ciki.

"Rachida," ta ce. "Rachida Mahamadou."

Muryar ta fito kamar ba tata ba. Madam ta jawo fayil, ta duba kwafin katin, ta ce ai wannan an yi mata komai, uwarta ma ta cancanci yabo, ba fashi ko ɗaya.

"Ni ce uwar," in ji Rakiatou. "Amma wadda ke ajinku ba ita ba ce. Katin aro ne."

"Mai katin fa, tana ina?"

"Ta rasu. Shekara shida ke nan."

Madam Mengue ta cire tabarau ta daɗe tana murza idanu. Ba ta yi tsawa ba, ba ta kuma yi ta'aziyya mai tsawo ba. Ta ce ita ba jandarma ba ce, ba ta kiran kowa, ba ta kuma taɓa kira ba. Allura za a samu, tunda cikin arba'in ɗin nan goma sun riga sun bar gari. A kawo yarinyar gobe, za a yi mata, a ba ta sabon kati da sunanta na gaskiya. Amma abu ɗaya ne ba za ta iya ba: yanzu da ta sani, ba za ta bar sunan mamaciya a rajista ba, don in mai duba makarantu ya gano, ita ce za ta amsa. Kuma ba za ta iya rubuta sabon suna ba tare da takardar haihuwa ba. Yarinyar tana iya zama a bayan aji ta saurara har ƙarshen zango, iyakar abin da ke hannunta ke nan.

Ta buɗe rajistar aji uku, ta ɗora rula, ta ja jan layi a kan sunan, a gaban Rakiatou, kamar yadda ta ja wa sauran. Sannan ta tambayi sunan gaskiya, Rakiatou ta faɗa, ta rubuta shi a ƙasan jerin masu allura.

Ranar Alhamis Rakiatou ce ta kai Zuwaira ta tsaya da ita a layi. Yarinyar ta runtse ido, aka soka, ba ta yi kuka ba. Aka ba ta kati sabo fil, hatimi ɗaya tak a ciki, an rubuta Zuwaira Hamadou. Ta yi ta juya shi tana karantawa, don ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce ba.

Ƙulu ta karɓi katin ta tura cikin kaya. Daga ranar ta daina gaida Rakiatou. A ganinta an tsiraita 'yarta a tsakiyar kasuwa, kuma ba wanda zai ce ba ta da hujja. Jandarma bai zo ba, Madam ta cika alkawari, amma Ƙulu ba ta ƙara yarda yarinyar ta taka waje ba. Ƙawaye suka zo kwana biyu suna kira, ba a amsa ba, suka daina zuwa. Mahamadou ya yi mako yana ɗaure wa Rakiatou fuska. Bayan mako uku Ƙulu ta sayar da katifa da tukwane, ta bi ayarin masu komawa gida, suka yi kwanaki a tashar jirgin ruwa cikin cunkoso kafin a kwashe su. Da za ta fita ta sallami kowane ɗaki, ta tsallake ɗaya.

Rakiatou ta ci gaba da ƙosai, ta ci gaba da karanta takardun Madam ga matan da suka rage. Farce, ƙwarƙwata, tafasa ruwa. Yanzu ba abin da take tsallakewa a jerin sunaye, don sunan ba ya fitowa. Ƙarfe bakwai na safe yakan zo ya wuce, ba wanda ya tsaya a ƙofa. Ta rame a watannin nan, in an tambaye ta sai ta ce hayaƙi ne.

Sai bayan babbar salla wani direba ɗan Maraɗi ya kawo kaset, irin wanda ake aikowa maimakon wasiƙa. Aka taru a tsakar gida aka sa a rediyon Mahamadou. Muryar Ƙulu ce. Sun isa, ta iske Hamadou, ana shirin shuka. Ta ce a tashar jirgi ƙyanda ta shiga cikin yara, wata mata da suka yi shimfiɗa tare ta rasa biyu kafin a sauka, amma Zuwaira ko atishawa ba ta yi ba. Ta faɗi wannan a gurguje, ta wuce zuwa gaisuwa, ɗaki bayan ɗaki. Da ta zo kan na Rakiatou sai ta yi shiru, ana jin kukan akuya a bayanta, sannan ta ce ga yarinya za ta yi magana.

Aka ji motsi, aka ji numfashi kusa da rediyo.

"Inna, ina kwana. Rachida ce ke gaishe ki."

Aka ji Ƙulu daga nesa tana gyara mata, yarinyar ta yi dariya ta ce Zuwaira, Zuwaira, kaset ya ƙare.

Mata suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ta tuna da abin da ta bari a wuta. Rakiatou ta zare kaset ɗin. Batir ya yi tsada, ba a ɓarnarsa wajen mayar da kaset baya, don haka ta ɗauko biron da take sa wa iyaye hannu da shi, ta zura a ramin, ta fara juyawa a hankali, tana auna daidai inda muryar ta fara.